Kututturan da Jalo Ya Shafe da Laka

Sunana Kyari, majemi ne ni, Babarbare. Jalo kuwa Bafillace ne, saboda haka tun muna samari ba wata magana da nake jin nauyin gaya masa. In mun haɗu a hanya in ce masa bawana, shi kuma ya toshe hanci ya ce bai taɓa ganin ubangida mai warin jima ba. Haka muka yi shekara arba'in da wani abu a Kwarin Ɗinya, wani ɗan gari a bakin kogin Jama'are, tafiyar rabin yini daga Katagum ga mai ƙafa. Yau shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Yaran yanzu ba abin da suka sani game da shi sai cewa wai shi ne ya dawo wa gari da ciwon barci. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba, kuma da hannuna a ciki.

An haife shi a shekarar da annoba ta share shanun Fulani. Mahaifinsa ya kwana da garke ya wayi gari da igiyoyi, bai kuma daɗe ba baƙin ciki ya tafi da shi. Uwar ta goyo jaririn ta kawo shi garinmu wurin yayanta, wanda ya riga ya bar kiwo ya kama sana'ar zuma. A hannun wannan kawu Jalo ya koyi saƙa amya, wato dogon kwandon ciyawa da ake shafewa da kashin shanu, a turara shi, a ɗora a kan reshe don zuma ta shiga ta yi gida. Ya girma dogo, siriri, marar yawan magana, kullum da kumburi a wani wuri a fuskarsa. Bai taɓa tatsar saniya ba a rayuwarsa. Nakan ce masa shi kaɗai ne Bafillacen da shanunsa ke da fiffike, ya ce ko ba komai nasa ba sa shiga gonar mutane.

Duk amyoyinsa a kurmi suke. Wanda aka haifa bayan an sare shi, in na ce masa akwai kurmi a nan sai ya ɗauka tsufa ne ke damuna, don yanzu ba abin da ke wurin sai yashi da tumfafiya. A da, daga mashayar garinmu har zuwa inda kogi ya yi gwiwa, rana ba ta taɓa ƙasa. Ɗinya ce da kanya da tsamiya da maɗaci, giyayya kuma ta jeru a bakin ruwa saiwoyinta a waje, sarƙaƙiya ta ɗaure su duka. Akwai mazo da gada da gadu, birai kuwa har sun raina mu. Da damina kogi yakan shiga cikin kurmin ya kwanta wata biyu, kifi ya bi shi ya zuba ƙwai a cikin saiwoyi, shi ya sa masuntanmu ba sa zuwa nesa. Mata su tsinci ɗinya da kanya, mai zazzaɓi ya ɓare maɗaci, ni kuma bagaruwar da nake jima da ita a gefensa nake samu. Ba wanda ya taɓa tunanin wurin yana da ƙarshe.

Jalo ya san bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da wata ƙa'ida ta sara da ya gada wurin kawunsa. Dama mu mutanen nan ba ma kashe kututture. Ko gona mutum zai share, yakan sare itace ya bar gindin, don ya san baɗi zai yi toho ya ba shi itacen girki ko ƙotar fartanya. To shi Jalo ya wuce kowa a nan. Sai a tsayin gwiwa yake sara, a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a kai, sannan ya debo laka ya shafe bakin saran kamar mai ɗaure rauni. In ya tarar wani ya sare itace daidai da ƙasa, har gida yake bin sa. Mutum ne mai haƙuri a kan komai ban da wannan, kuma taurin kansa ya isa a yi misali da shi.

Ciwon ya fara ne a hankali. Mutum ya yi ta ciwon kai da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a bayan wuya, daga nan sai barci. Ana magana da shi ya gyangyaɗa, a ba shi tuwo ya yi barci da loma a hannu. Wasu kafin barcin sai hankalinsu ya taɓu. Cikin shekara uku muka binne mutum goma sha tara, a garin da bai kai gida sittin ba. Aka sha rubutu, aka yi sadaka, aka zargi wata tsohuwa da ba ta ji ba ta gani ba. Ba abin da ya sauya.

Sai ga ma'aikata daga wajen hukuma, ƙarti da gemunsu, suna yawo a kurmi da 'yan komaye suna kama ƙuda. Mun sha dariya a lokacin. Babbansu wani mutumin Azare ne, Malam Saleh, gajere mai sanyin murya, shi ne ya ce mana a lissafin Turawa shekarar 1929 ake ciki. Ya tara mu a ƙofar Bulama, mai garinmu, ya buɗe wata 'yar kwalba ya nuna mana tsando, ƙudan nan mai cizo da kowa ya sani. Ya ce shi ke ɗauko ciwon daga jinin wani ya kai wa wani, kuma ba ya iya rayuwa sai a inuwa kusa da ruwa. In aka kawar da inuwar zai mutu. Saboda haka an ba da umarni a sare kurmin gaba ɗaya, a tara itacen a kan kututturan a ƙone, kada ko ɗaya ya sake toho.

Jalo ne ya tanka.

“Malam, ƙudan nan tun kakanninmu yana nan, yana cizon su, sun tsufa sun mutu. Me ya sa sai yanzu?”

“Ƙudan ɗan gari ne,” in ji Malam Saleh. “Ciwon ne baƙo. Matafiya suka kawo shi, kuma tunda ya shiga bakin ƙudan ba zai fita ba.”

“To a sare gefen mashaya kawai.”

“Gari uku ke shan ruwa a jikin kurmin nan. Wanne za a bari?”

Malam Saleh ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ƙanwarsa ma ciwon ne ya kashe ta. Amma abin da ya fi ci wa Jalo rai shi ne Bulama ya ɗora shi a kan masu sara, don shi ya san inda kowace bishiya za ta faɗi ba ta danne mutum ba. Ya yi kwana shida yana sauke amyoyinsa, tamanin da 'yan kai. Na gan shi a kan wata tsamiya yana kwance igiya, hawaye na zuba, na yi kamar ban gani ba.

Aka shiga sara da rani. Gari uku aka fito, gatari ya yi ta amo daga safe zuwa la'asar har wata biyu. Namun daji suka rinƙa fitowa fili a ruɗe, karnuka na bin su, aka ci nama har aka gaji. Birai suka koma saman bishiyoyin da suka rage suna ihu, ana sare waɗannan su tsallaka gaba. Jalo yana aikinsa yadda ya kamata, yana nuna inda za a sa gatari, amma ya daina cin abinci sosai. Matarsa Yelwa ta gaya wa matata Ya Fanna cewa in ta kai masa tuwo sai ya juya shi ya mayar mata.

Malam Saleh yakan tafi Azare ranar Alhamis ya dawo Asabar. Wata Juma'a da hantsi ina majema ina kankare fata, sai ga Jalo.

“Babarbare, ara mini bayanka da manyan ƙorenka biyu.”

“Yau kuma bawa ke aiken ubangida?”

Bai yi dariya ba. Ya ce in biyo shi kawai.

Ya kai ni wurin kututturan da ke kusa da mashaya, inda manyan ɗinya da giyayya suke. Duk na wurin shi ya sare su da hannunsa, a tsayin gwiwa, a karkace. Muka rinƙa ɗebo laka daga bakin kogi muna cuɗawa da kashin shanu, yana shafe kowane kututture da kauri kamar yatsa uku, irin shafin da yake wa amya, sannan ya tura yashi ya rufe saiwoyin. A kai sai ya ɗora busasshen ganye da ƙananan rassa, irin waɗanda wuta ke lashewa ta wuce. Manyan gumaguman da za su daɗe suna ci ya sa muka ja su gefe.

Mutane sun gan mu, ba wanda ya kai ƙara. Wasu ma tuɓe riga suka yi suka kama mana, don a zuciyar kowa ƙone kututture mai rai abu ne da ba a yi. Juma'a huɗu muka yi muna wannan aiki, muka shafe kututture ɗari da hamsin ko fiye. Mun zaɓi wurin ne saboda laka na kusa, kuma nan ne bishiyoyin da zuma ta fi so. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa nan ne matanmu ke ɗiban ruwa. Da aka sa wuta, Malam Saleh ya zagaya ya ga baƙin toka ko'ina, ya yaba mana, bayan 'yan makonni aka mayar da shi wajen Shira.

Daminar farko kututturan suka tsago lakar suka yi toho. Ko'ina a bakin kogi fili ne fetal, sai wannan yanki kaɗai ya yi kore. Itacen da aka sare ya bar saiwa ba ya jira, kowane gindi ya fitar da rassa goma ko ashirin. Kafin damina ta uku wurin ya fi tsayin mutum biyu, ya kuma fi tsohon kurmin cunkushewa. Tsuntsaye suka fara dawowa, sai fakara da zabi, wata safiya har aka ga sawun mazo a laka. Jalo ya ɗora amya shida a kan manyan rassan, huɗu suka kama. Ya yi ƙiba, ya dawo da tsokanarsa. Ciwon kuma ya yi sauƙi ƙwarai a waɗannan shekaru, saboda haka muka ɗauka mun ci riba biyu.

Mata suka fi kowa jin daɗi. Sauran bakin kogin yashi ne mai ƙona ƙafa, don haka duk suka dawo da wanki da wanke-wanke ƙarƙashin sabuwar inuwar, har matan garin da ke gaba da mu. Ya Fanna, wadda ba ta cika yabon mutum ba, ta dafa burabusko ta aika wa Jalo, ta ce a gaya masa ashe akan sami Bafillace mai amfani. Mace ce mai ƙiba da babbar murya, in tana faɗa da ni a gida ana ji a masallaci. Shekara goma sha bakwai muka yi tare, kuma ban san ina son faɗan nan ba sai da na rasa shi.

A damina ta huɗu, wata rana muna zaune da Jalo a inuwar ina jiƙa fatu, sai ya kai mini mari a wuya. Na juyo zan zage shi, ya buɗe tafin hannunsa. Tsando ne, cikinsa cike da jinina.

“Ka gani,” ya ce.

“Guda ɗaya ne.”

“Na ga uku jiya.”

“To uku. A da ai dubu ne, muna nan.”

Ya daɗe yana kallon abin. Ya tambaye ni ko ina ganin ya kamata a gaya wa Bulama. Ni ne na ce a'a. Na ce in aka faɗa za a aiko a sare, wahalarmu ta tashi a banza, mu bari mu ga rani, wataƙila zafi ya kashe su. Abin da yake so ya ji ke nan, kuma na sani. Ya share hannunsa a ciyawa muka ci gaba da hira.

Zafi bai kashe su ba. Daga baya muka fahimci cewa duk ƙudan da ya biyo shanu ko kwalekwale daga kurmin ƙasa, ba shi da wata inuwa a tsawon tafiyar yini sai tamu, kuma a cikinta matan gari biyu ke yini. Kafin shekara ta zagayo mutum bakwai suka kwanta, shida mata, ɗaya masunci. Yelwa na ciki, Ya Fanna na ciki.

Na fara ganewa ne da gidan ya yi shiru. Sai in dawo daga majema in tarar ba a ce mini komai ba a kan warin da na shigo da shi. Ya Fanna ta ce kanta ke ciwo, na ce rana ce. Ta ɓoye kaluluwar a ƙarƙashin ɗankwali wata da watanni don kada a ce ta kamu. Ranar da ta yi barci a gaban murhu har wuta ta kama zanenta ta ƙone mata hannu ba ta farka ba, ranar na san abin da ke nan. Muka ɗora su, ita da Yelwa, a jakuna, ni da Jalo, muka kai su inda ake yin allurar ciwon, tafiyar yini biyu. Aka ce na Yelwa bai yi nisa ba. Na Ya Fanna kuwa ya riga ya hau kai. Ta rasu da kaka, ana yankan gero, bayan ta yi kwana tara ba ta buɗe ido ba. Cikin bakwai ɗin, uku aka binne.

Aka dawo da Malam Saleh. Ya tafi mashaya shi kaɗai, ya kutsa cikin rassan, ya tona gindin wata ɗinya da wuƙa, ya fito da ɓallin laka da wuta ta gasa. Ya kawo ya ajiye a kan tabarma a ƙofar Bulama, gari duk an taru. Kafin ya yi tambaya Jalo ya miƙe ya ce shi ne, kuma shi kaɗai. Ina zaune taku uku daga gare shi. Akwai mutum goma sha biyu a wurin da suka ɗauki laka da hannunsu, ba wanda ya motsa, ni ma ban motsa ba. Har yau in na tuna wannan zama sai in ji kunya ta rufe ni.

Bulama ya ce a kai shi wurin alƙali. Malam Saleh ya ce ba amfani, ɗauri ba zai kashe ƙuda ba. Ya dubi Jalo ya ce, “Kai ka san yadda ka raya su. Ka san yadda za a yi kada su sake tashi?”

“Na sani.”

“To sai ka yi.”

Jalo ya nemi a ba shi kwana uku kafin ya fara. A kwanakin nan ya bi gindin bishiyoyin yana tsintar iri. Wasu daga cikin ɗinyar da kanyar sun fara 'ya'ya a shekarar, ya tattara ƙwallayensu, ya tona ƙasa ya samo na tsamiya da maɗaci, ya shanya su ya zuba a wani burgami na fatar akuya, wanda ni na jeme masa. Sannan ya sauke amyoyinsa ya ɗauki gatari. Ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Kowane gindi sai ya sare rassan daidai da ƙasa, ya ɓare ɓawon, ya tone saiwoyin, ya cusa busasshen kashin shanu ya sa wuta, irin wadda ke kwana uku tana ci a hankali. Kwana arba'in da 'yan kai ya yi, hayaƙi bai yanke daga mashaya ba. Aikin da ya yi mai kyau ne, don har yau ko tsiro ɗaya bai fito a wurin ba.

Ciwon ya tafi, wannan ba ƙarya. Tun daga lokacin ba a sake binne kowa da shi a Kwarin Ɗinya ba, kuma duk wanda zai yi kukan kurmi ya fara sanin haka. Amma sauran abubuwa ma sun bi shi sun tafi. Kogi ya rasa abin da zai riƙe masa baki, ya shiga cin gaɓa kowace damina, har ya cinye tsohon masallaci da gida goma sha ɗaya. Gurbin kogin da ba ya ƙafewa ya cika da yashi. Masunta suka koma Katagum, wasu suka jingine koma suka kama noman gyaɗa. Ɗinyar da muke takawa da ƙafa, sai a kasuwar Azare mata ke ganin ta. Ni ma bagaruwa sai na yi tafiyar yini. Zuma kuwa ta ƙaura gaba ɗaya, Jalo ya rataye amyoyinsa a rumbu har gara ta cinye su.

Ya koma tufkar igiya da saƙar zana. Yelwa ta tashi, amma ba yadda take a da ba. Ta zama mai nawa, tana manta abin da ta ɗora a wuta, wani lokaci ta tsaya a tsakar gida ta rasa abin da ya fito da ita. Jalo ne ke daka, shi ke ɗebo ruwa da tulu a tsakiyar mata, ana yi masa dariya a bayan ido, waɗanda suka rasa 'yan uwa kuma ba sa amsa sallamarsa. Ni da shi mun yi shekara shida ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ba faɗa muka yi ba. Ni dai ba na iya kallon fuskarsa.

A shekara ta bakwai, da aka yi ruwan fari, ya yi sallama a ƙofata da burgamin nan a kafaɗa. Ya ce ya je Azare ya sami Malam Saleh, ya tambaye shi. Malam ya ce in aka shuka bishiyoyi nesa da mashaya, a ba su tazara, a rinƙa share ƙarƙashinsu kada su yi duhu, ƙuda ba zai zauna ba. Bulama ma ya yarda, don kogi ya kusa kai wa gidansa. Akwai wuri sama da gari inda gaɓar ke zubewa, nan yake so ya shuka.

“To me ya kawo ka wurina? Ƙasar tawa ce?”

“Kyari, kai aka yi wa rashi. In ba ka ce to ba, ba zan sa ko ɗaya a ƙasa ba.”

Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai ran nan. Na dubi burgamin, na ce masa ba bana ba. Ya ce to, Allah ya kai mu, ya tafi.

Baɗi ya dawo, na ce ba bana ba. Haka muka yi ta yi. Kowace shekara da ruwan fari sai ya zo, ya zauna a kan turmin da ke ƙofata, mu yi maganar damina da ciwon ƙafa, daga ƙarshe ya taɓa burgamin ya dube ni. Har tsokana ta ɗan dawo tsakaninmu, amma amsata ba ta sauya ba. Wani ya ce masa ya rabu da ni ya je ya shuka abinsa, wa zai hana shi, ya ce ya taɓa yin gaban kansa sau ɗaya, ya ga abin da ya biyo baya. Wani kuma ya ce irin zai lalace, ya sayo sabo a kasuwa in lokaci ya yi. Ya ce na kasuwa ba 'ya'yan kurminmu ba ne. Yakan fitar da su da rani ya shanya, ya barbaɗa musu toka, ya mayar.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoron ƙuda ne ke hana ni. Ba haka ba ne. Na yarda da maganar Malam Saleh tun ranar farko. Abin da ke akwai shi ne, muddin Jalo na zuwa ƙofata yana roƙo, laifin nasa ne ni kuma wanda aka zalunta. Ranar da na ce to, sai mu koma mutum biyu da suka ɗauki laka tare, suka ga ƙuda tare, ɗaya ya ce a faɗa ɗaya ya ce a yi shiru. Wannan ne na kasa ɗauka. Shekara goma sha uku ina jin daɗin zaman wanda aka zalunta, zaman da ba nawa ba, ina kallon tsoho yana saɓa burgami yana komawa gida.

Ya rasu da bazarar 1953, saura 'yan kwanaki ruwa ya sauka. Ciwon ƙirji ne, bai yi mako a kwance ba. Mutanen da suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu ba. Bayan an yi bakwai, Yelwa ta zo gidana tana jan ƙafa, ta ajiye burgamin a gabana. Na tambaye ta ko ya bar wani saƙo. Ta yi ta ƙoƙarin tunawa, can ta ce ya faɗi wata magana amma ta shige mata.

Da aka yi ruwan fari na ɗauki fartanya na tafi wurin da ya nuna. Na auna tazara da taku yadda ya ce, na haƙa rami ɗari biyu da wani abu, na sa iri bibbiyu, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Ƙwallayen a ido lafiyarsu lau, sumul, ba ko hudar ƙwaro. Damina ta yi kyau a shekarar. Kullum da safe sai na je na duba, in aka kwana biyu ba ruwa in ɗebo da tulu. Ciyawa ta fito, na cire. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, gero ya yi kai.

Ran nan na durƙusa na tone rami ɗaya, na ciro ƙwallon ɗinya, na ɗora a kan dutse na fasa. Ba komai a ciki sai ɗan baƙin gari. Na tone na gaba, da na gaba da shi, na bi layin ina fasawa har rana ta take, ina fatan in sami ko ɗaya mai farin ciki. Duk sun daɗe da mutuwa a cikin burgamin, a wata shekara daga cikin shekarun da nake ce masa ba bana ba, kuma ban san wacce ba ce.